Garantin Mota da Bakaniken Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki? Mu a Suleja sai godiya.

Na bi shawararki, na saya wa sabuwar motar nan mai fetur da batir ƙarin garanti. Amma kin san Baba, mota ba ta zama tamu sai bakanikensa na Gauraka ya duba ta. Mutumin ya kwance batirin, wai zai ga cikinsa. Yanzu ta ƙi tashi, kamfanin kuma ya ce babu ruwansa tunda hannun waje ya taɓa ta.

Ki gaida maigida, ki sa mu a addu'a. In kin kira Baba kada ki ɗauko maganar, har yau ya kasa haɗa ido da ni.

Ƙanenki,
Sani