Kwaɗon Da Na Zana A Bakin Ma'aikaci

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da Anti da yara, Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa sanyin can bai sake taɓa maka ƙirji ba. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta ajiye sanda, Baba kuwa yana nan yana faɗa da rediyo kullum safiya.

Saƙonka ya iso, na ji ka ce in ajiye alƙalami in ba da haƙuri. Yaya, ka gafarce ni, wannan karon ba zan iya ba, gara kuma ka ji zancen daga bakina. Ka san dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu, wadda ta hana ƙungiyar ƙwadago yajin aiki sai da izinin minista, ga shi kuma yana neman zarcewa. To, ni na zana shi ne tsaye a ƙofar masaƙa, ya datse bakin ma'aikaci da kwaɗo, makullin na leƙowa daga aljihunsa, yana miƙa masa akwatin zaɓe. A ƙasa na rubuta cewa muryarka muke nema. Iyakar laifina ke nan.

Editan jaridarmu ya kira ni ofis, ya tura ƙofa, ya yi ƙasa da murya kamar mai cinikin kayan sata, wai in goge fuskar in sa ta wani ƙato marar suna. Na tambaye shi ko aljani ne ya sa hannu a dokar. Washegari na tarar da takardar sallama kusa da kwalbar tawadata. Na kwashe fensirorina na fito, ko waiwaye ban yi ba. Ashe masu aikin injin buga jarida sun riga sun ga zanen. Babbansu, wanda suke kira Mai Gemu, ya ce tsintsiya maɗaurinta ɗaya, suka buga shi da kansu ranar hutunsu. Yanzu yana bangon tasha da ƙofar kowace ma'aikata. A yage shi da safe, kafin azahar an manna wani.

Ranar Litinin 'yan sanda suka neme ni. Baba ya rantse ƙafarsa ƙafata. Ya sa tsohuwar rigarsa ta masaƙa, muka shafe awa uku a kan benci. Da muka shiga, jami'in ya ce masa ya ja wa 'yarsa kunne. Baba ya ɗora hannunsa na dama a kan tebur, ya ce injin masaƙa ya cinye masa yatsu biyu, kuma sai da suka yi yajin kwana tara kafin a sa wa injin murfi. Ya ce da yatsun nan da ya rasa nake zane, don haka in kamu ne a fara da shi. Mutumin ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce mu tafi, in dawo bayan mako biyu.

Zan koma, Yaya, kuma kafin ranar zan gama zane na biyu, na minista. Tsoro ina ji, ba zan yi maka ƙarya ba, amma kunyar Baba ta fi shi nauyi.

Inna da Goggo da Auta suna gaishe ka. Ka gaishe min da Anti, da 'yan biyu, da takwarata sarkin rigima. Ga kwafi ɗaya na sa maka. Don Allah kada ya kwana a ƙasan akwati, bango ne wurinsa.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Mai Zane