Aljanar Japan a Ɗakin Ihsan

Zuwa ga ƙanena Malam Maikano,

Ina gaishe ka da kyau. Ya iyali, ya ƙafar Hafsatu? Maƙwabciyarmu Duaa ce ke rubuta mini, tana ta dariya, Allah ya shirye ta.

Lafiyata ƙalau a Alƙahira, sai abu guda. Jikata Ihsan ta liƙa hoton wata 'yar Japan a ɗakinta, fuska fara fat, gashi har ƙasa. Wai marubuciya ce, shekararta dubu da rasuwa. Maikano, matacciya ke sa yarinyar nan kuka da dariya ita kaɗai!

Na kira mai ruƙiyya daga unguwar Hayyin Ashir, ya ce sai an faɗi sunan aljanar. Ihsan ta ce duk duniya ba wanda ya san sunanta na yanka. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya sa takalminsa.

Sai na ce Ihsan ta fassara mini littafin matar da take karantawa, in ji me take gaya mata. Labarin wani ɗan sarki ne mai bin mata, marar kunya. Yau kwana tara kullum ina wurin Ihsan ina sauraro.

Don Allah ka aiko da rubutun sha, na mutum biyu. Amma kada ka yi gaggawa, ban ji ƙarshensa ba tukuna.

Yayarka,
Asabe