Ni na toshe ƙofar bayan gidan Mama Ngozi

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Roƙona ɗaya, kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe, bayan nan wanda ya ga dama ya zage ni, don kwanakin nan ba abin da ke shiga jikina.

Ni kafinta ne a kasuwar Katako da ke Jos, gidana yana unguwar Nasarawa Gwom. Da sace-sace suka ishe mu a layinmu sai aka kafa kwamiti, aka ɗora wa gidaje kuɗin tsaro duk wata, a zuba wa motar 'yan sanda mai ta riƙa zagayowa, a kuma sallami 'yan sintiri. Da yake masu gidajen haya suna ɓoye yawan mutanensu, sai Ciyaman ɗinmu, wani dattijo tela, ya ce a bi ƙofa, duk ƙofar da ta buɗe waje kaso guda ce. A zaman nan aka ce gidan da ke jinyar tsoho an yafe masa gaba ɗaya. Ina wurin, da kunnena na ji.

Maƙwabciyata Mama Ngozi ba ta je zaman ba, don ba ta iya barin mijinta Papa da ɓarin jikinsa ya shanye. Ibo ne, tun ina yawo ba wando suke layin, a shagonta na ci alewa bashi ba adadi. Gidansu ƙofa biyu ce, ta shago a gaba, sai ta baya mai fita lungu, dab da ɗakin Papa. Ta bayan nan tsohon katako ce tun zamanin haƙar kuza, irin wanda yanzu ko ka zagaye Katako ba ka samu, kuma akwai wani oga a unguwar Rayfield da ya daɗe yana damuna in nemo masa irinta. Rannan ta tare ni ta ce, "Ɗana, wai gaskiya ne ƙofa biyu kuɗi biyu? Ina zan samu, ga maganin Papa?" Me ya hana ni cewa, Mama ai ke an yafe miki? Wace wahala ce a ciki? Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Mama, a toshe ta bayan a huta. Zan kawo bulo da siminti, ki bar mini tsohuwar ƙofar a bakin ladana." Har albarka ta sa mini. Da masu karɓa suka riƙa tsallake gidanta, sai ta ɗauka ni na roƙa mata, ta aiko wa matata da shinkafa. Muka dafa muka ci.

Watan jiya da rana tsaka aka kawo wuta da ƙarfi, firjin shagon ya kama, Mama kuwa ta fita sayo magani. Kafin a ankara gaba duk ta zama wuta, ba ta inda za a shiga. Muka zagaya lungu da diga da guduma, Musulmi da Kirista kowa yana ihu yana dukan bango, ni ma ina duka. Aikin hannuna ne, kuma ban yi ha'inci a simintin ba. Kafin mu fasa hayaƙi ya gama da Papa.

Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Ni na haɗa akwatin gawarsa kyauta, na goge shi tas, mutane suna ta cewa maƙwabci na gari ke nan. Ina cin abinci, ina barci, ina zuwa aiki, amma kamar wani ne yake yi ni ina gefe ina kallo. Wannan wane irin mutum ne? Ina jin kunya, na san ina jinta, amma a kai take, ba ta sauko ƙirji ba.

Yanzu ɗansu Emeka ya dawo daga kudu, ya ce dokar Ciyaman ce ta kashe masa uba, sai ya ga an ɗaure shi. Ciyaman ya rantse an yafe wa gidan tun farko, ɓangaren Emeka suka ce ƙarya ce, yanzu ya ƙirƙiro. Samari sun fara tsayawa rukuni-rukuni a bakin layi, kuma duk ɗan Jos ya san inda magana ke zuwa in ta shiga tsakanin masallaci da coci. Mama kuwa ko gaisuwa aka zo yi mata sai ta ce ni kaɗai na tausaya mata.

Shekaranjiya Ciyaman ya tako har wurin aikina, ya ce, "Ɗana, kai kaɗai za su yarda da maganarka. Ka zo zaman da za a yi kan maganar ranar Asabar ka gaya musu a gabanka aka yafe mata." Na ce, "To, Baba." In na faɗa, dattijon ya kuɓuta, amma Mama tana zaune a wurin, za ta ɗago ta tambaye ni, ashe ka sani? In na yi shiru ko na ce na manta, za a tafi da mutumin da bai ci komai ba, kuma ban san gidaje nawa za su bi bayansa ba. Asabar jibi ce.

Jama'a, me zan yi?