Ban Kai Funtua Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Ni ce Rabi. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, kuma ko da kina raye sai an karanta miki. Amma akwai maganar da ta daɗe tana tsaye mini a wuya, yau kuwa zan faɗe ta a gaban kowa.

Kin tuna lokacin da aka yanke layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga? Wayoyinmu suka koma tocila. Ni ina Gusau kan keken ɗinkina, ke kina Bungudu ke da Gwaggo Asabe, autanki Sanusi kuma yana Kano yana fitowa a wani wasan talabijin mai dogon zango. A maganarku ta ƙarshe kafin layi ya ɗauke, ya ce miki za a kai su Legas ɗaukar fim, kuma jirgin sama zai shiga, karonsa na farko. Kika ce ya karanta addu'ar hawa mota, ko da ba ki san ko tana yi wa jirgi ba.

Waya ta mutu, amma talabijin yana nan. Wata rana da hantsi ana maimaita shirin a rumfar mai shayin bakin titi can Bungudu. A cikin labarin jirgi ya faɗo da mutane, har da wanda Sanusi ke fitowa a madadinsa. Masu shirin nan, Allah ya shirye su, suka tsara abin kamar labaran gaske: mace zaune tana karanta sunayen mamata, hayaƙi yana tashi a daji, ga hotuna ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo da ya tsaya sayen burodi bai ga farko ba, bai jira ƙarshe ba. Hoton Sanusi kawai ya gani, ya yi salati ya nufi unguwa. Kafin azahar mata sun fara shigo miki suna sannu da haƙuri.

Matan makwabta masu bin shirin suka yi ta rantse miki cewa wasa ne. Har suka ja ki gidan da ke da tauraron ɗan'adam, kika gani da idonki da aka sake nunawa da la'asar. Da ma ba su kai ki ba! Sanusi, da rashin tunaninsa, hotonsa na gaske ya ba masu shirin, wanda ya ɗauka da babbar sallah da hular da kika saya masa a kasuwar Gusau, irin wanda ke rataye saman gadonki. Gwaggo ta ce kin daɗe kina kallo, sannan kika ce, "In wasa ne, mi ya kai hoton ɗakina can?"

Daga ranar kika daina ci. Ruwa kawai, shi ma sai an yi da gaske. Ga ciwon suga, ga hawan jini. A kwana na uku Gwaggo ta ba wani direban Bungudu saƙo, ya tsaya ƙofar shagona ko injin bai kashe ba, ya ce in ina son ganin uwata da rai in taho yau.

Na same ki kan tabarma, kin jingina da bango, leɓɓanki sun bushe sun yi fari. Na yi lallashi, na yi kuka, har faɗa na yi miki, Allah ya yafe mini. Na ce an daɗe da ɗaukar fim ɗin nan kafin a nuna shi, wanda ya mutu ai ba ya tashi ya yi wasan mutuwarsa. Kika bar ni na gama, sannan kika ce, "Rabi, ni ba yarinya ba ce, na san wasa. Amma yaron ga da bakinsa ya ce mini jirgi zai shiga. In ji muryarsa, ko ke ki ji ki gaya mini, sai in ci."

A lokacin, ana cewa sai an fita jihar, an kai wajen Funtua, sannan waya ke kamawa. Kin san hanyar Funtua ta Tsafe take bi, kin kuma san abin da ake yi wa mutane a kanta. Washegari da sassafe na koma Gusau, na ce wa baban su Hauwa zan kwana biyu wurinki, na wuce tasha. Ko kuɗin fansar akuya ba mu da shi a gidan nan, na sani sarai, amma na shiga motar.

Mu duka a motar waya za mu je yi. Dattijon da ke kusa da ni yana riƙe da takarda cike da lambobin mutanen unguwarsu, kowa da saƙon da za a isar masa. Har Tsafe ana ɗan taɓa hira. Muna fita daga garin direba ya kashe rediyo, kowa ya kama bakinsa sai motsin leɓe.

Can sai na ji direban ya ce, kamar da kansa yake magana, tun ɗazu ba mota ko ɗaya da ta zo daga gaba. Ashe haka suke gane hanya, Inna. In motoci suna tahowa, lafiya. In titi ya zama naka kai kaɗai, to an tare gaba. Ya rage gudu. Sai ga wata babbar mota ta ɓullo a guje tana kunna fitilu da rana tsaka, direbanta ya fito da hannu yana juya shi sama. Kafin mu gama juyawa muka ji harbi, ba nesa ba. Matar da ke bayana ta damƙe mini mayafi har ya shaƙe ni. Innalillahi kawai ake yi. Ni kuwa ba Sanusi na tuna ba, ba ke na tuna ba. Ɗiyata Hauwa na tuna, da na baro ta ban ko tsefe mata kai ba.

Muka koma Tsafe muka zauna bakin tasha. Bayan azahar aka ce jami'an tsaro sun buɗe hanya, motoci suka fara wucewa. Direba ya ce mai tafiya ya shigo. Dattijon nan mai takarda ya yi bismillah ya shiga. Ni na sa ƙafa ɗaya, ɗayar ta ƙi tashi. Tsoro na ji, Inna, tsoro tsagwaronsa. Ina tsaye motar ta tafi ta bar ni, na tsallaka titi na nemi ta Gusau.

Daga Gusau zuwa Bungudu ban yi komai ba sai shirya ƙarya. Na shigo da la'asar sakaliya, na durƙusa gabanki na ce na ji muryarsa. Na ce lafiyarsa lau, yana gaishe ki, ya ce ki yafe masa maganar hoton. Har na ƙara da cewa mura yake yi, don abin ya yi kama da gaske. Kika kalle ni, kika daɗe kina kallona, ni kuma ina kallon tabarma. Sannan kika ce wa Gwaggo ta dama miki fura. Kika sha ludayi huɗu, ina ƙirgawa.

Da layi ya dawo Gusau, Sanusi na fara kira. Ya ɗauka yana dariya, wai ashe har an yi masa zaman makoki. Ko Legas ɗin ba su je ba, an fasa tafiyar. Jirgin a kwamfuta aka haɗa shi, hayaƙin kuma tsofaffin tayu suka ƙona a bayan gari. Wallahi da yana kusa da na kwaɗa masa mari. Na zage shi tas, sannan na sa ya rantse cewa in kin tambaya, mun yi magana ranar nan. Ba ki taɓa tambayarsa ba.

Kin ƙara shekara biyu tare da mu, kullum ina cewa gobe zan gaya miki, har Allah ya karɓi abinsa. Sai a watan jiya, ina taya Gwaggo tsince shinkafa, na kasa riƙewa na faɗa mata komai. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce ai kin sani. Ta ce ranar, ina fita yin alwala, kika jawo ta kika ce, "Ɗiyar ga ba ta kai ba, ga idonta nan. Amma in ban ci ba, gobe sai ta sake bin hanyar nan. Ba ni furar."

Ashe kin sha furar nan ba ki san ko ɗanki yana raye ba. Kin ci gaba da ci, safe da yamma, makonni, da wannan dutsen a ƙirjinki, kina yi mini murmushi, don kada in koma Tsafe. Ni kuma ina ta yawo ina ganin ni na cece ki.

Ki yafe mini ƙaryar, Inna. Ki yafe mini ƙafar da ta ƙi tashi. Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke daga tafkin Manzonsa kamar yadda kika sha abin da ba kya so saboda ni. Allah ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu, ya sa kada wata uwa ta sake zaɓa tsakanin 'ya'yanta.

Ɗiyarki da ba ta kai ba,
Rabi