Kofin Ruwan Da Na Hana Baba

Zuwa ga Yaya Ladi,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan Allah ya ƙara haskaka makwancinki. Ƙanwarki Jummai ce. Shekara biyu da rasuwarki, amma ban taɓa neman ki ido rufe kamar wannan makon ba.

Baba ya faɗi ranar Litinin a ƙofar gidanmu na Ƙetaren Gwari, yana alwalar la'asar. Ɓarinsa na dama ya shanye. Likita ta ce jini ne ya toshe masa wata jijiya a kai, ƙwaƙwalwar kuma tana kumbura. Ta ja mana kunne kada a ba shi komai ta baki, ko ɗigon ruwa, sai na ledar ƙarin ruwa da aka ɗaura masa a asibiti.

Tana magana ina ganin bayan kalandar nan da kike min zane ina aji biyu a jami'a. Kin zana jijiya kamar bututu, kin jera ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikinta. Kowace ƙwaya fuska biyu gare ta, ɗaya tana kallon jini, ɗaya tana kallon ƙwaƙwalwa. Ƙananan famfunan da ke tura gishiri kuwa a fuskar ƙwaƙwalwa suke zaune. Ni da taurin kaina na dinga ajiye su ta wajen jini, har a jarrabawa. Kin ranƙwashe ni, kika ce, "Can ciki suke tura gishirin, shashasha, ruwa kuma ya bi shi. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoƙon kai ba ya buɗewa."

Jiya da hantsi Goggo Hajo ta iso daga Bida da gorar zamzam. Kin san gidanmu. Ba a hana majinyaci ruwa, kuma idan ciwo ya yi tsanani, babbar 'yar'uwa ce ke ɗiga masa a baki, don kada ya tafi da ƙishi. Haka ta yi wa Kaka. Haka ta yi miki, ina tsaye.

Ta tsiyaya a kofi, ta tallafo kan Baba. Ban san lokacin da na fizge kofin ba.

Na so in yi mata bayanin ba ya iya haɗiya, ruwan zai wuce cikin huhu, wanda ya shiga jini kuma ya ƙara kumburin. Ta ce boko ya cire min imani, ta fita baranda tana kuka. 'Yan dubiya suka bi ni da kallo.

Wannan duk mai sauƙi ne, Yaya. Baba ya buɗe ido. Ya dubi kofin, ya motsa leɓe. Na mayar da hannuna baya na ɓoye kofin, na jiƙa auduga na shafa masa a baki. Ya daɗe yana kallona kafin ya juyar da kai bango.

Likita ta ce na yi daidai, kuma nan da kwana biyu za a gane inda aka dosa. Wallahi tsoro nake ji. Idan ya tashi, zan durƙusa gaban Goggo ta yi min duk abin da ta ga dama. Idan bai tashi ba, abin da ya gani na ƙarshe shi ne 'yarsa tana ɓoye masa ruwa.

Allah ya ji ƙanki, ya sa kina cikin rahama. Allah ya tashi kafaɗun Baba, ya ba ni ranar da zan miƙa masa kofin nan da hannuna ya sha ya ƙoshi.

Taki,
Jummai