Ranar da Na Rufe wa Kawu Famfo

Kazaure, ranar Talata.

Zuwa ga maigidana, Baban Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya kewar gida? Sai da hankalina ya kwanta na iya ɗaukar biro.

Ka san na'urorin da muka dasa a bututan gari, masu auna tsabtar ruwa suna turo mana sakamako ofis. Ana gobe ɗaurin auren Asma'u, 'yar Kawu Daudu, na'urar layinsu ta nuna maganin ruwa ya yi ƙasa, ruwan ya gurɓace. Nan take na sa aka rufe layin. Ga baƙi daga Roni da Gwiwa, ga tukwane a kan murhu. Kawu ya aiko a gaya mini wai tun da na samu aikin gwamnati na manta zumunci. Wallahi maganar ta yi mini zafi.

Da muka bi bututun sai ga dalili a gidan bikin. Kawunka, sarkin dabara, injin ya jona wa famfo don a cika randuna da wuri. Da ruwa ya janye, injin ya riƙa zuƙo na kwata ta wata tsaga. Na roƙi Gwaggo, uwar amarya, aka zubar da zoɓo da kunun aya duka, tana hawaye, muka kawo musu tankar ruwa.

Ana cikin zubarwa na ga bakin Saude jawur. Ashe tun safe tana gindin robar zoɓo. Ni da na hana unguwa sha, 'yata ta sha ta ƙoshi. Na sungume ta sai asibiti. A can aka ba mu ruwan gishiri da sukari, aka ce mu sa ido. Kwanakin nan ko tari ta yi sai gabana ya faɗi. Kawu kuwa kullum yana zaurenmu da ruwan leda, ya kasa haɗa ido da ni.

Alhamdu lillahi, an ɗinke bututun, gwaji ya fito tsaf, ba wanda ya kwanta a unguwar. Saude cikinta ya ɗan juya kwana ɗaya, shi ke nan. Yanzu haka ta cinye tuwonta ta sa hannu a nawa, na kuma bar mata.

Ka gaida abokan karatu. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Mu'minat