Lauyan Kyauta Ya Kare Ni Maimakon Ƙanena

Talata da dare, Gashua, 2003

Yau aka fara shari'ar ƙanena Bukar kan faɗan masunta a Dagona. Ɗan wani Alhaji da aka kama su tare, lauyansa na kuɗi har sunan kakarsa ya sani. Namu da kotu ta ba mu kyauta ya shigo yana haki, ya dafa kafaɗata.

"Ranka ya daɗe, dubi fuskar nan. Ta yi kama da ta mai laifi?"

Ni da na kawo tuwo kawai! Alƙali ya nuna masa Bukar tsakanin 'yan sanda, ya ɗage shari'a.

Ana fita da Bukar ya ce, "Yaya, tunda kai lauyan ya iya karewa, zo mu yi musanya."

Na yi dariya. Inna ba ta yi ba.